Wandon Ɗan Goggo Lamiat

Bangon da ya raba shagona da madafin Goggo Lamiat na katako ne, gara kuma ta daɗe da cin rabonta a jikinsa, saboda haka ko ban kasa kunne ba magana tana zuwa ta same ni. Ran nan da yamma ina kan keken ɗinki na ji an dangwarar da tukunya, sai muryar 'yarta Buppa ta biyo baya.

"Inna, ƙwai nawa kika fasa a nan?"

"Je ki tambayi kajin."

"An ce a rage, ke kin ƙara. Da bakina na faɗa a lasifika, duk gari ya ji, gidanmu ne kawai kurma."

Goggo ta ce ai ba don ɗanta take dafawa ba, don ubansu take yi, kuma ita ba ta taɓa jin mamacin da ciwon sukari ya kama ba. Buppa ta ce gaskiya ne, amma kafin ladan sadakar ya isa ga mamaci ta cikin mai rai abincin yake bi, mai ran nan kuwa ƙafarsa ta fara wari. Sai na ji ƙarar ludayi yana zagaya kasko.

"Ke da kika sa rigar gwamnati," in ji Goggo, "je ki auna cikin 'ya'yan wasu. Wannan cikin ni na haife shi."

"Ni ma ke kika haife ni," Buppa ta ce, a hankali, har sai da na tsayar da keken kafin na ji. Daga nan ta ja ƙofa ta fita.

Wanda suke faɗa a kansa shi ne Piak, autan Goggo, ɗan zuhudu a haikalin garinmu. Abin da ke cikin kaskon kuma mokeng ne: ƙwai da madarar kwakwa da sukarin giginya, a gasa a gwangwani mai kusurwa huɗu har samansa ya yi ja, a barbaɗa soyayyar albasa. A nan lardinmu na Phetchaburi kowace mace tana cewa nata ya fi, amma in biki ya taso wurin Goggo Lamiat ake zuwa.

A gindin giginya aka haife ta. Ubanta mai hawa ne, mijinta Sawai ma mai hawa ne, yana tashi da asuba da gorunan gora a ƙugu ya sauko da ruwan, ita kuma ta tsaya kan kasko tana juyawa har ya yi kauri. Hannuwanta daga wuya zuwa gwiwa tabon ƙuna ne, kanana kanana, kamar an yayyafa. Ba ta yi makaranta mai nisa ba, ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Ta haifi Buppa lafiyayya, mai cin duk abin da aka ajiye mata, don haka ba wanda ya damu da ita. Sannan ta haifi Piak bakwaini, ɗan mitsitsi, wanda ungozoma ta ce kada a yi saurin raɗa masa suna. Goggo ta ɗaure shi a ƙirjinta tana juya sukari da shi. Da ya fara cin abinci ita ke taunawa ta sa masa a baki. Har ya yi gemu, in zazzaɓi ya kama shi, a cinyarta yake kwana, Buppa tana wanke kwanuka a waje.

Sawai ciwon sukari ne ya sauko da shi daga bishiya. Likita ya ce a hana shi zaƙi, Goggo kuwa ta hana shi kamar mai ramuwar gayya. Ta sa kwaɗo a kabad ta rataya makullin a wuya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauko wa gari da sukari ya koma yana lasar murfin tukunya a ɓoye kamar kyanwa. Ina yarinya lokacin, amma ta wannan bangon na sha jin yana roƙo. A kwanakinsa na ƙarshe ya ce cokali ɗaya kawai na mokeng, ta ce in ya warke. Bai warke ba.

A wurin ƙona gawarsa ne Piak ya aske kai ya ɗauki mayafi ruwan goro, yadda ɗa yake yi wa mahaifinsa, ya yi 'yan kwanaki a haikali don ladan ya bi mamacin, sannan ya dawo gida. Goggo ta wanke masa zanin gado ta shanya. Kwanakin suka cika bai dawo ba. Aka ce zai ƙarasa daminar. Damina ta wuce, wata ta zo. Mata suna tare Goggo a kasuwa suna cewa ta more, uwar ɗan zuhudu ai gefen mayafinsa za ta kama ya ja ta zuwa sama. Tana murmushi tana amsawa. Ta naɗe zanin gadon ta mayar akwati.

Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa shi ba. Mace ba ta taɓa ɗan zuhudu, ko ita ta haife shi. Ba ya ce mata Inna, sai Yom, sunan da suke kiran duk wanda ba ya cikin mayafi, daga mai sayar da kifi har direban bas. Ita ce ma ke durƙusa masa.

Abin da ya rage mata shi ne safiya. Gari na wayewa suke fitowa a jere ba takalmi, kowa da baƙin akushinsa na ƙarfe a rungume. Goggo tana tsaye a ƙofa tun kafin a hango su. Sai ta tuɓe silifas, ta zuba wa kowa shinkafa, in Piak ya iso ta ɗora gwangwanin mokeng a nasa akushin, tana kaffa-kaffa kada yatsanta ya goge bakinsa. Shi idonsa a ƙasa. Ba ya zaɓa, ba ya ƙi, ba ya godiya. Ƙa'idarsu ke nan. Su yi addu'a su wuce, ita ta ɗauki kofin ruwa ta zuba a gindin mangwaro tana kiran sunan Sawai, don abin da ta hana shi yana raye ya same shi can inda yake. Wannan shi ne dalilin da take faɗa wa kowa, kuma ba ƙarya take yi ba.

Sai dai ɗan zuhudu dole ne ya karɓa, amma ba dole ne ya ci ba. Abincin safe duk a wuri ɗaya ake juye shi, kowa ya ɗebi abin da ya ga dama, sauran ya tafi ga masu shara da karnukan haikali. Na taɓa tambayarta yaya aka yi ta san cikin Piak nata yake shiga. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini gwangwanin jiya. An kankare shi tas, amma a kusurwa ɗaya ga soyayyar albasa an tara. Tun yana yaro ba ya cin albasar, tsincewa yake yi da gefen cokali. Kullum da rana takan je bayan ɗakinsa ta tarar da gwangwanin a kan katanga ba a wanke ba. Shekaru suka yi suna haka. Ban san wata magana da ta taɓa shiga tsakaninsu da ta kai wannan tsawo ba.

Piak ya yi ta ƙiba. Ba shi kaɗai ba ne, rabin jerin haka suke, don mutanenmu ba sa ba wa haikali abin da ba shi da maiƙo ko zaƙi, kada a ce sun yi rowar lada. Bayan tsakar rana kuma ba sa cin komai, sai su cika cikin da lemon kwalba da shayi mai madara da ake kai musu kwali-kwali. Mayafi kuwa ba wando ba ne, ba ya matse mutum ya gaya masa gaskiya. Yadda ciki ya ƙaru haka zai ƙara naɗi. Yaran unguwa suna cewa tun daga kwana kake gane Piak, don cikinsa ke riga shi shigowa.

Sai hukumar lafiya ta tashi da shirin gyara abincin sadaka. Aka manna hotuna a kasuwa da ƙofar haikali: a rage zaƙi, a rage mai, a rage gishiri, a sa ganye da kifi dafaffe da shinkafar da ba a casa ba. Aka turo wani ma'aikaci namiji da tef ya auna cikin 'yan zuhudu ɗaya bayan ɗaya, ya tsira musu allura a yatsa ya duba jini. Na Piak ya fi na kowa muni. Buppa tana cikin masu aikin sa-kai na kiwon lafiya, masu bin gida-gida da abin awon hawan jini, ita aka ba wa unguwarmu.

Buppa tana da gaskiya, wannan ba na musu. Duk abin da take faɗa a lasifika haka yake, ta kuwa ga yadda ubanta ya ƙare. Amma na ga fuskarta ranar da ta shigo da hoton ta manna shi a bangon madafin, daidai saman kasko. Ba fuskar mai jin tsoro ba ce. Mace ce da ta shekara arba'in tana kallon ana ware wa ƙaninta ɓangaren da ya fi gasuwa, yau kuma ga hukuma da likita da lasifika duk sun tsaya a bayanta. Tana son ƙaninta ya rayu. Tana kuma son, ko sau ɗaya, uwarta ta ce ta yi kuskure a kansa. Ita kanta ba na jin za ta iya raba biyun.

Gari ya bi, da gunaguni. Tsofaffi suna cewa yanzu kakanninmu a can za su koma cin ganye kamar akuya. Masu sayar da ƙunshin sadaka a bakin kasuwa suka fara sa tambarin kore na hukumar lafiya a ledojinsu. Goggo ta bar hoton a inda yake har hayaƙi ya baƙanta shi, ta ci gaba da fasa ƙwai.

Abin da Buppa ba ta sani ba, ni na sani, ya faru ne tun kafin rigimar nan da na ji, tun kafin kowa ya yi zancen ƙafa.

Wata rana Goggo ta shigo shagona da yadi baƙi mai kyau a leda, ta ce wandon maza take so. Na tambayi na wa, ta ce ɗinki ta kawo ba hira ba. Na ce to awo fa. Ta buɗe hannuwanta biyu ta zagaya iska da su, kamar mai rungumar randa, ta ce kamar haka, in ƙara kaɗan. Na sa tef na auna ratar da ke tsakanin hannuwanta da ƙirjinta. A gidansu ba namiji. A duk garin mutum ɗaya na sani mai wannan ƙugun, shi kuma ya daɗe da barin sa wando. A makon nan na ga katifar ɗakin Piak a rana, ana dukanta da sanda.

Sai da abin ya fito na haɗa lissafin. Wanda ya durƙusa wa ɗan zuhudu ba fuskarsa yake gani ba, ƙafarsa yake gani. Ƙaya ce ko kwalba ta shiga tafin ƙafar Piak ta hagu, bai ji ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jin wurin. Ya ci gaba da taka kwalta da ita. Goggo kuwa kowace safiya idonta yana daidai wurin, tazarar kamu ɗaya. Ta ga ranar da ya fara kumburi, ta ga ranar da ya sauya launi. Matar da ta yi jinyar Sawai ta san abin da take gani. Ba ta gaya wa Buppa ba, ba ta gaya wa babban malamin haikali ba. Ta je ta sayi yadi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba zan ce ta zauna ta ƙulla cewa bari ta nakasa ɗanta ba. Da wani ya faɗa mata haka da ta watsa masa tafasasshen sukari. Amma a garinmu an sha ganin ɗan zuhudun da ciwo ya kayar ya ajiye mayafi ya koma gida a yi jinyarsa. In ya ajiye, ya zama mutum kamar kowa. Ana iya wanke masa ƙafa, a shafa masa mai a baya, a taɓa goshinsa a ji ko da zafi. Ina ganin Goggo ba ta nemi ciwon ba, amma da ta gan shi ya taho ba ta tare masa hanya ba.

Buppa ce ta ji warin, wata safiya da ta tsaya kusa da uwarta don ta ga abin da za ta sa a akushi. A ranar suka yi faɗan da na ji. Washegari ta je wurin babban malami da kanta, ta kawo mota, aka tafi da Piak asibitin lardi. Aka cire yatsu biyu, ba su isa ba, aka koma aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Na raka Goggo dubiya. A ɗakin da aka ware wa 'yan zuhudu aka kwantar da shi, maza ne ke jinyarsa. Ta tuɓe silifas a ƙofa ta durƙusa nesa da gadon. Ya rame a fuska, mayafin ya kwanta fayau a inda ƙafar take a da. Ta tambaye shi ko yana jin zafi, ya ce jiki abin aro ne. Ta ce ɗakinsa yana nan, ta shanya katifa, gidan ba shi da matakala mai yawa, kuma likita ya ce sai ya samu mai kula da shi dare da rana. Duk wannan ta faɗe shi tana kallon tayil. Ya dubi hannuwanta masu tabo.

"Yom," ya ce, "a cikin mayafin nan nake so in mutu."

Ta ce to. Ta sunkuya sau uku yadda ake yi, ta miƙe. A cikin bas, da muka kusa gida, ta ce farashin ƙwai ya hau.

Ya koma haikali da sanduna. Bin gari da akushi ya ƙare masa. Babban malami ya damƙa abincinsa a hannun su Buppa, suna dafawa bi da bi: shinkafa ja, kabewa, kifi ba mai. Hukuma ta ba haikalin allo mai tambarin kore aka kafa a ƙofa, aka ɗauki hoto, Buppa tana tsaye a gefe cikin rigarta, ba ta yi murmushi ba. Jininsa ya sauka, an ce. Ta yi nasara, amma uwarta ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta ma ƙara yi mata musu ba. Gidan ya yi tsit. Na gwammace faɗan.

Goggo ba ta daina fitowa da safe ba. Jerin ya zo, ta zuba wa kowa shinkafa, idonta yana kan ƙafafu, har na ƙarshe ya wuce. Takan zuba ruwa a gindin mangwaron, amma na daina jin sunan Sawai. Kaskon ya kife a kan murhu, ƙamshin da na tashi a cikinsa ya bar bangon. Ta fara tafiya kamar tsohuwa, abin da ban taɓa lura da shi ba a da.

Wandon yana rataye a shagona cikin leda. Ba ta zo karɓa ba, ni ma na ji nauyin kai mata. Wani direba mai babban ciki ya gani ya taya, na ce ba na sayarwa ba ne, sannan na yi tunanin gara in tambaye ta ko in sallama masa, a huta da ganinsa.

Kafin in samu zuciyar tambayar, sai wata asuba ƙamshin ya dawo. Ranar ibada ce ta cikar wata, ranar da kowa ke ɗaukar abinci ya kai haikali da kansa, a jera a dogon tebur ba a san na wane da na wance ba. Buppa ta tafi taro a lardi tun jiya. Na ji ana fasa ƙwai, na ƙirga har na daina.

Da la'asar na ɗauki wandon na zagaya. Na tarar da ita a bakin ƙofa, ta dawo daga haikali ke nan, ko silifas ba ta tuɓe ba. Fuskarta ta yi wani haske da ya ba ni tsoro. Na fara yi mata bayanin direban, ba ta saurare ni ba. Ta buɗe jakarta ta karkato mini gwangwani. An kankare shi tas. Albasar tana kusurwa.

Ta rufe jakar, ta dubi wandon da ke hannuna, ta shafa yadin da bayan yatsunta.

"Mayar ki rataye, Malai, kada ki ba kowa," ta ce. "Ki dai rage masa ƙugun kaɗan. Ba da yawa ba, zai ciko."